Wa Zai Rubuta Sunan Talaka?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur aka shiga zamanin rabon kayan rage raɗaɗi, wata magana ta samu gindin zama a majalisun Gwandu da Kalgo, daga tashar mota har rumfar mai shayi. Cewa ake yi muddin ma'aikacin gwamnati ne zai rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi, to talaka sai dai ya ji labari. A karɓe aikin daga hannunsu a ba kamfani mai kwamfuta, wanda bai san ɗan wane ba, ba shi da suruki a gari, kuma ciyaman ba zai iya yi masa barazanar canjin wurin aiki ba. Idan ka ce ƙungiyoyin ƙwadago ba sa goyon bayan miƙa irin wannan aiki ga 'yan kasuwa, sai a ce maka ai dole su ƙi, tuwonsu suke karewa.

Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba, kuma bai dace a raina su ba. Sun ga jerin sunaye da aka fara shi da iyalin kansila aka rufe da 'yan bangar jam'iyya. Sun ji lokacin da Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, a zamanta na Yulin 2023 ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, ta ce rajistar masu ƙaramin ƙarfi da aka gada ba abin dogaro ba ce. Sun ji an dakatar da Ministar Jinƙai, Betta Edu, a Janairun 2024 bisa zargin neman a tura naira miliyan 585 na tallafi cikin asusun wani mutum. Kafin nan, a 2016, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846 daga takardar albashi. Ga kuma yawan mabuƙata: rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Jihar Kebbi suna cikin talauci mai fuska da yawa. Inda mutum takwas cikin goma suke da buƙata, tallafin kuwa da kyar ya ishi ɗaya, ko waliyyi ne ya rubuta sunayen sai an samu mai kuka. Ciwon gaskiya ne. Maganin da aka kawo ne nake ganin zai ƙara shi, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun fi kusa da daidai a wannan gaɓa fiye da yadda ake zato.

Ya kamata mu fara sanin yadda aikin yake a takarda, domin da yawa daga cikinmu ranar biya kawai muke gani. A tsarin da aka kafa a 2016 da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, ofishin NASSCO da ke Abuja ne ke riƙe da babbar rajista, kowace jiha tana da nata ofishin, sannan ma'aikatan ƙaramar hukuma ne ke shiga ƙauyuka. Su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da ake kira talauci a garinsu, ya ambaci gidajen da suka fi shiga ciki. A haɗa jerin uku a daidaita, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida gida da na'ura. Daga wannan rajista aka riƙa zaɓo gidajen da ake ba naira dubu biyar a wata, ana haɗa ta wata biyu a biya dubu goma, kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido sun shiga wannan biya. Raba kuɗin hannu da hannu kuwa, tun farko kamfanoni masu zaman kansu aka ba. Ke nan 'yan kasuwa sun daɗe a cikin harkar. Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne faɗin wane ne ya cancanta, kuma shi ne ake cewa a miƙa.

Hujjar farko ta masu son a miƙa ita ce kamfani bai san kowa ba, saboda haka ba zai yi son kai ba. Ɗan'uwa, rashin sanin kowa ba adalci ba ne a aikin da gaba ɗayansa sanin mutane ne. Na'ura tana tambayar abin da ake iya ƙirgawa: rufin kwano ne ko na ƙasa, akwai rediyo, akwai babur, ɗaki nawa. Ba ta san cewa ɗan da ya yi wa gyatumarsa rufin kwanon nan a Kambaza ya rasu shekara uku ke nan ya bar mata marayu biyar ba. Ba ta san manomin da ke da rufin asiri a watan Agusta ya wayi gari ba shi da ko irin shuka a Satumba ba, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa dubban manoman shinkafa a fadamun jihar nan. Ba ta san dattijon da zai gwammace ya kwana da yunwa da ya ce wa baƙon yaro gidansa babu abinci ba, ko matar da ke takaba da ba za ta fito zaure ta amsa tambayar namijin da ba ta sani ba. Malamar asibitin sha-ka-tafi da ta auna hannun yaran gidan ta sani. Malamin gona ya sani. Jami'ar jin daɗin jama'a ta ƙaramar hukuma da ta yi shekaru tana shiga gidajen Diggi da Zuguru ta sani.

Kuma a gaskiya kamfanin ba zai zauna babu sanin kowa ba. Wanda ya ci kwangila a Abuja ko Legas ba da ƙafarsa zai taka rugagen da ke bayan Dalijan ba. Zai sayar da wani yanki na aikin ga ƙaramin ɗan kwangila a Birnin Kebbi, shi kuma ya ɗauki samari na wucin gadi, ya biya su gwargwadon yawan sunayen da suka shigar. Su wa zai nema su kawo masa samarin? Mutanen da ake gudu tun farko. Wanda ake biya bisa yawan kai kuwa inda mutane suka taru kusa da kwalta zai tsaya, ba zai ƙona man babur ɗinsa ya ratsa laka don gida huɗu ba. Mun ɗan ɗanɗana wannan a rajistar lambar ɗan ƙasa. Gwamnati ta ce kyauta ce, ta ba wakilai masu zaman kansu lasisi a ƙarshen 2020 don aikin ya yi sauri, aikin ya yi saurin kuma, amma kukan karɓar kuɗi a hannun jama'a bai tsaya ba har hukumar da ke kula da rajistar kanta ta riƙa fitar da gargaɗi.

Hujja ta biyu ita ce kamfani ya fi araha kuma ya fi sauri. A nan bai kamata mu tsaya ga hasashe ba, tunda an gwada abin a ƙasashen da suka fi mu lantarki da intanet da kotuna masu aiki. A ƙarshen 2006 Gwamnan Jihar Indiyana ta Amurka, Mitch Daniels, ya ba rukunin kamfanoni ƙarƙashin IBM kwangilar shekara goma ta sama da dala biliyan ɗaya, su karɓi aikin tattara takardun masu neman tallafin abinci da na magani da na kuɗi. Dalilan da ya bayar su ne namu na yau: ma'aikata suna haɗa baki da masu nema, akwai zamba, akwai jinkiri. Ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta AFSCME ta yi adawa, aka ce aikinta take karewa. Aka raba mai nema da jami'in da ya san shi, aka maye gurbinsa da lambar waya da shafin intanet. Tsakanin 2006 da 2008 an ƙi amincewa da buƙata sama da miliyan ɗaya, ƙarin kashi 54 cikin ɗari a kan shekaru ukun da suka gabata, kamar yadda Virginia Eubanks ta tattara a littafinta na 2018. Da yawa daga ciki an rubuta musu dalili guda ne, wai sun ƙi ba da haɗin kai, alhali takarda ce ta ɓace a cibiyar kamfani ko waya ce ba a ɗauka ba. Wata mata mai ciwon daji a garin Evansville ta rasa tallafin maganinta saboda ranar ganawar tana kwance a asibiti. Ta ɗaukaka ƙara ta yi nasara, amma hukuncin ya fito ne kwana ɗaya bayan rasuwarta. A Oktoban 2009 gwamnan da ya ƙulla kwangilar da kansa ya soke ta, aka kwashe shekaru ana shari'a, daga ƙarshe kotu ta ce IBM ya biya jihar dala miliyan 78. Jihar Texas ta riga ta bin wannan hanya: kwangilar dala miliyan 899 da kamfanin Accenture a 2005, aka warware ta a 2007.

Ba mugunta ce ta jawo haka ba, lissafi ne. Ribar ɗan kwangila ita ce ratar da ke tsakanin abin da aka biya shi da abin da ya kashe. Idan aji aka ba shi ya gina, injiniya zai iya ƙwanƙwasa bango ya gane an rage siminti. A aikin tantance mabuƙata, abin da ake ragewa shi ne lokacin da ake ba mutum, kuma wanda ya fi cin lokaci shi ne wanda ya fi buƙata: tsohuwar da ba ta ji sosai, makahon da ba shi da ɗan jagora a ranar, manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa na'ura ta ƙi karantawa, Bafulatanar da ba ta da waya balle asusun banki. Rufe fayil ɗin irin waɗannan ya fi buɗe shi sauƙi, kuma a rahoton wata za a ga an gama aiki da wuri. Wanda aka sa ba bisa ƙa'ida ba, mai binciken kuɗi yana iya gano shi. Wanda aka bari a waje ba ya cikin kowane littafi, babu mai ƙirga shi.

Malamanmu sun riga mu hango wannan. Alƙalin alƙalai Abu Yusuf, a littafin haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya ba shi shawarar kada ya sayar da karɓar haraji ga 'yan kwangila, domin wanda ya sayi aikin ba abin da ke gabansa sai ya fitar da kuɗinsa da riba, kuma a jikin talakawa zai fitar. A sha'anin zakka ma, masu aikin tattarawa da rabawa suna cikin rukunai takwas da aka yanka wa kaso, wato ma'aikata ne da shugaba ke naɗawa, a biya su ladan aikinsu, a kuma yi musu hisabi. Labarin ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya tsawatar, sananne ne ga duk ɗalibin hadisi. Abin lura shi ne an gyara ma'aikacin ne, ba a soke muƙamin an sayar ba. Mu da muke zaune kusa da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, marubucin Liya'ul Hukkam, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tuna wa masu mulki cewa haƙƙin talakawa amana ce a wuyansu, bai kamata wannan ya zame mana baƙon zance ba.

Sai batun da masu wancan ra'ayi ba su cika tsayawa a kai ba: idan an zalunce ka, ƙofar wa za ka buga? Yau, komai lalacewar sakatariya, tsohon da aka tsallake sunansa ya san jami'in da ya zo garinsu. Zai kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa. Zai tare kansila a wurin jana'iza ko ɗaurin aure. Jami'in yana da fayil, yana da ƙarin girma da fansho da yake tsoron rasawa, 'ya'yansa kuma a nan suke karatu. Yaron da kamfani ya ɗauka na wata uku, ranar da kuɗin suka fito ba a ga sunanka ba, ya daɗe da komawa inda ya fito. Kamfani zai ce ƙa'idar gwamnati ya bi, gwamnati ta ce na'urar kamfani ce ta fitar. Mutanen Kebbi sun san wannan jifa da juna a harkar wuta. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki, wadda Joe Ajaero ya yi wa babban sakatare kafin ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 2023, ta yi ta gargaɗi kafin a sayar da kamfanonin rarraba wuta. Na Kaduna, wanda ke ba Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ya koma hannun 'yan kasuwa a ƙarshen 2014. A Janairun 2024 hukumar da ke sa ido kan lantarki ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Wuta dai ka iya haƙura ka kunna aci-bal-bal. Abincin marayu ba shi da madadi.

Akwai kuma haɗarin da ba ya bayyana sai an yi nisa. Gwamnatin da ta sallami ma'aikatanta ta miƙa rajista, bayan shekara biyar ba ta da wanda ya iya aikin, sai ta koma baiwar ɗan kwangilarta. Afirka ta Kudu ta ba kamfanin Cash Paymaster Services kwangilar biyan tallafi da ɗaukar zanen yatsun masu karɓa a 2012. Kotun Tsarin Mulki ta ce ba a bi ƙa'ida wajen bayar da ita ba tun 2013, amma da wa'adin ya cika a 2017 dole kotun ta tsawaita kwangilar da ita kanta ta haramta, domin hukumar tallafin ƙasar ba ta shirya karɓar aikin ba, kuma tallafi kusan miliyan 17 ne zai tsaya. Ana cikin haka kamfanonin da ke da alaƙa da shi suna sayar wa tsofaffi bashi da inshora da katin waya, ana zare kuɗin daga asusunsu kafin su taɓa, har ƙungiyar Black Sash ta kai ƙara. Jerin sunayen talakawa da lambobin wayarsu da ranar da kuɗi ke shigo musu haja ce mai tsada ga mai ba da rance. Mu da manhajojin bashi suka riga suka addaba da tona asiri a waya, sai mu yi tunani sau biyu.

Za a ce mini, to ai na'ura ta yi amfani a nan gida. Gaskiya ne. Lambar BVN ce ta tona ma'aikatan bogin nan na 2016. Tsarin takin zamani ta wayar hannu da Ministan Noma na lokacin, Akinwumi Adesina, ya kawo a 2012, wanda kamfanin Cellulant ya gina masa manhaja, ya kai taki hannun manoma da yawa da a da sai dai su gan shi a kasuwa. Ba na jayayya da wannan. A sayi kwamfuta, a ɗauki kamfani ya rubuta manhaja, a haɗa rajista da lambar ɗan ƙasa don kada mutum ɗaya ya karɓa sau uku, a biya ta banki. Duk waɗannan kayan aiki ne, kuma sayen kayan aiki daga ɗan kasuwa ba laifi. Amma cewa wance ta shiga, wance ba ta shiga ba, hukunci ne a kan haƙƙin ɗan ƙasa, kuma Kundin Tsarin Mulkin 1999 a sashe na 14 ya ɗora walwalar jama'a a wuyan gwamnati ne. Ko Amurka, da ake kira uwar jari-hujja, dokar tallafin abincinta ta tanadi cewa ma'aikacin gwamnati da aka ɗauka bisa cancanta ne zai yanke hukuncin ƙarshe a kan mai nema.

Saura zargin cewa ƙungiyoyin ƙwadago tuwonsu suke karewa. E, suna karewa, don haka aka kafa su. Amma samun amfani a cikin magana ba ya mayar da ita ƙarya, in ba haka ba sai mu fara da watsar da maganar kamfanin da ke neman kwangilar, wanda amfaninsa ya ninka nasu. Kuma tarihin kusa bai nuna su a matsayin masu kare ruɓar ba. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta ba gidaje miliyan 12 naira dubu takwas a wata a Yulin 2023, NLC na cikin waɗanda suka fara cewa ba su amince da yadda aka samo sunayen ba. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta yi shekaru tana fafutukar a sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kafin hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, kuma ƙaramar hukumar da ba ta da kuɗin man babur ba za ta iya tura jami'i Mutubari ya tabbatar da suna ba. A badaƙalar miliyan 585 ma, abin da ake zargi shi ne yunƙurin fitar da kuɗi daga hanyar hukuma zuwa asusun mutum, kuma ofishin Babbar Akanta ta Ƙasa, ma'aikaciyar gwamnati, shi ne ya fito ya ce bai biya ba. Ma'aikacin da ke da tabbacin aiki da ƙungiya a bayansa yana iya ce wa ɗan siyasa a'a. Ɗan wucin gadi da za a iya kora da saƙon waya ba zai iya ba.

Wannan ba wanke ƙungiyoyin ba ne. Ina ganin suna da babban gibi: bakinsu ya fi kaifi a kan albashi fiye da kan ɗan ƙungiyar da aka kama yana karɓar na goro kafin ya rubuta suna. Duk ranar da suka kare irin wannan, su da kansu suke rubuta wa ɗan kwangila takardar neman aiki. Idan suna son jama'a su tsaya musu, su fara kai nasu gaban kwamitin ladabtarwa, su kuma daina rufe ofisoshin da talaka ke buƙata a duk yajin aiki ba tare da barin ko mutum ɗaya ba.

Gyaran da ake buƙata ba ya cin biliyoyi, wataƙila shi ya sa ba a cika son sa ba. A karanta sunaye da babbar murya a ƙofar hakimi ranar da aka sanar tun da wuri, a maimaita a wurin da mata za su ji. A liƙa jerin a bangon firamare da asibitin gari na mako biyu kafin a tura shi Birnin Kebbi. Kowace mazaɓa ta san sunan jami'in karɓar ƙorafi da ranar zamansa, wanda aka ƙi kuma a faɗa masa dalili da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci. A sabunta rajista bayan kowace damina. Jami'in da aka kama a hukunta shi a bainar jama'a, na kirki a ba shi abin hawa da alawus a kan lokaci. Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya kuma riƙe mataimakin shugaban NLC kafin ya hau kujerar da yake kai, kuma ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 75 a 2024. Yana da bakin da zai kira shugabannin ƙwadago na jihar su zauna da shi a kan wannan, a fara gwadawa a mazaɓu goma na Gwandu da goma na Kalgo kafin rabo na gaba.